Ku Tambayi Likita: Ɗana na da ciwon kumburin hanji, yanzu kuma tari ya ƙi barinsa

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni huɗu na ware, duk a kan yara ne masu ciwon kumburin hanji, kuma duk sun faɗo kan ƙirji da numfashi, maganar da ko a asibiti ba a cika tsayawa a kanta ba. Na sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Salam Likita, ya aiki ya haƙuri da mu. Dan Allah ɗana ne ɗan shekara 11, shekara biyu kenan da aka ce yana da kolaitis, wai gyambo ne a babban hanjinsa, kafin a gano ma mun sha wahala wallahi, aka ce atini ne aka dawo aka ce basir ne, ba irin jiƙon da bai sha ba sai da aka zura masa kyamara ta ƙasa sannan aka gane. Yanzu yana shan Pentasa kuma alhamdulillah cikin ya lafa jinin ya tsaya har ya ɗan murmure. To sai ga tari, yau kusan wata biyu kenan, da asuba ya fi yi kuma kaki yake fitarwa mai kauri ruwan ɗorawa, sau uku ina karɓo masa antibayotik a kemis in ya sha ya ɗan yi sauƙi da ya ƙare sai ya dawo. Kakarsa ta ce sanyi ne saboda shan ruwan firji, ni kuma ban faɗa wa likitan cikin ba don na ga ai ba ɓangarensa bane. Wai akwai abinda ya haɗa hanji da huhu ne?
Daga wata uwa a Kano

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Eh akwai abinda ya haɗa su, kuma abu na farko da nake so ki yi shine ki koma wajen wannan likitan cikin ki faɗa masa tarin nan yadda kika faɗa min, wata biyu, kaki da asuba, antibayotik sau uku. Ɓangarensa ne ƙwarai da gaske.

Bari in ɗan warware wa waɗanda basu san ciwon ba. Manyan nau'insa biyu ne, akwai kolaitis irin na yaronki wanda yake tsayawa a babban hanji, daga dubura yake farawa ya yi sama, sai kuma ciwon Crohn da aka saka wa sunan likita Burrill Crohn wanda shi da abokan aikinsa biyu suka yi bayaninsa a 1932 a Amurka, shi wannan ko ina yana iya kamawa tun daga baki har dubura. Duka biyun ba irin atini bane da ƙwayar cuta ke shigowa ta ruwa ko abinci, ba a ɗauka, garkuwar jikin mutum ce da kanta take rikicewa ta dinga kai wa hanjinsa hari, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu shi tun suna yara ko suna tasowa yake fara musu. To tunda a garkuwa matsalar take kinga ba dole ta tsaya a hanji ba, shi yasa zaki ga yaro mai ciwon nan gwiwarsa ta kumbura, ko ido ya yi ja yana zafi, ko wasu jajayen ƙulluttai masu ciwo su fito masa a ƙwauri, ko hanta ta taɓu. Huhu ma yana ciki, sai dai shi ba kasafai ba.

Hanji da huhu fa shaƙiƙai ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Lokacin da ciki yake wajen sati huɗu, ɗan tayin bututu ɗaya gare shi wanda zai zama hanyar abinci, to daga jikin wannan bututun huhu yake tsirowa kamar yadda reshe ke fita daga jikin bishiya. Shi yasa shimfiɗar cikinsu take kama, duka suna yin majina, duka akwai dakarun garkuwa jibge a ƙarƙashinta saboda sune ƙofofin da abin waje yake shiga jiki, nan abinci nan iska. Ikon Allah kenan. In garkuwa ta ɗauki hanji a matsayin abokin gaba wani lokacin sai ta haɗa da ɗan uwansa. Tun 1976 wasu likitoci a Amurka suka yi rahoton mutum shida masu ciwon hanjin nan da suke ta fama da tarin kaki ba a san dalili ba, daga nan aka fara sa ido. Kuma abinda zai ba ki mamaki ana samun wanda cikinsa lafiya lau amma ƙirji ya tashi, har akwai waɗanda sai bayan an yi musu tiyata an cire babban hanjin gaba ɗaya sannan tarin ya bayyana. Don haka lafawar cikin yaronki bata wanke ciwon daga zargi ba.

Amma kar hankalinki ya tashi. Waɗanda ciwon ke taɓa huhunsu har abin ya fito fili kaɗan ne sosai, balle yara, abinda aka fi gani shine in aka sa su gwajin hura iska sai a tarar da 'yar tawaya a wasu alhali su basa jin komai. Kuma akwai abubuwan da zan fara zarga kafin in zo kan kolaitis ɗin kansa. A ƙasar nan na farko tarin fuka ne, duk yaron da ya haura sati biyu yana tari sai an duba masa shi, balle wata biyu, gwajin kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, naki tunda yana iya fitar da kaki ma abin ya zo da sauƙi, ƙananan da suke haɗiyewa kuwa yanzu har kashinsu ana iya sawa a na'urar GeneXpert a gane. Sai asma, sai majinar hanci da ke gangarowa maƙogwaro da dare. Sai kuma maganin da yake sha. Pentasa, wato mesalazin, magani ne mai kyau, yara da yawa suna shekaru a kansa ba abinda ya same su, amma a ɗaiɗaikun mutane shi da ɗan uwansa sulfasalazin suna iya sa huhu ya kumbura, yawanci busasshen tari ne da zazzaɓi da haki a watannin farko, in aka tsayar da maganin sai ya warware. Na yaronki mai kaki ne kuma ya daɗe a kan maganin, bai yi kama sosai ba. Dan Allah kar ki karanta wannan ki je ki tsayar masa da kanki, jinin nan zai iya dawowa, likita ne zai yanke.

Abinda ya fi tsaya min a rai a saƙonki shine salon tarin, kaki mai kauri kullum da asuba, ya ji antibayotik ya lafa, ya ƙare ya dawo. Irin wannan yana sa mu tunanin hanyoyin iska ne suka kumbura suna tara majina, in kuma abin ya daɗe sai bututun su buɗe su saki kamar robar wandon da ta gama aiki, majina ta dinga kwanciya a ciki ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Likitoci suna ce masa bironkiyektasis, kuma shine irin matsalar huhun da aka fi samu a manya masu ciwon kumburin hanji. In bututu ya riga ya saki da wuya ya koma yadda yake, shi yasa nake azalzalarki. In an tare shi tun yana kumburi kawai, sau da yawa maganin shaƙa mai sitiroyid yana kwantar da shi sosai, irin wanda masu asma ke shaƙa kullum safe da yamma, ba Ventolin ba, shi Ventolin buɗe ƙirji kawai yake na ɗan lokaci.

A asibiti za a ɗauki hoton ƙirji, a gwada kaki da jini, a sa shi hura iska a na'ura, duk yaron da ya kai shekara shida yana iya wannan. In hoton farko bai nuna komai ba kuma tarin na nan, kar ki yi mamaki in aka ce sai sitisikan, wato hoton na'ura mai nuna cikin huhu dalla-dalla, don hoton ƙirji na yau da kullum yana iya tsallake sakin bututun. A manyan asibitocin koyarwa aka fi samun waɗannan, ke kam kina Kano ga na Malam Aminu Kano nan kusa. Ki tafi da kwalayen duk abinda ya sha har na kemis ɗin. Kuma ki dakata da sayen antibayotik haka nan, yana hargitsa ƙwayoyin hanji masu amfani har ya tayar da gudawa mai tsanani a mai kolaitis, wasu irin sifurofuloksasin kuma suna danne tarin fuka na ɗan lokaci su ɓoye shi, a yi ta tafiya ba a sani ba. In zazzaɓi ne ki ba shi farasitamol, banda ibufurofen da dikilofenak, suna tayar da gyambon. Ki gaida min Hajiya kaka, ki lallaɓa ki faɗa mata ruwan firji baya kawo tarin wata biyu, in da hali ma ku je asibitin tare ta ji da kunnenta.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. 'Yata ce mai shekara 14 aka ce tana da Crohn, ta rame ta tsaya da girma ƙannenta duk sun kere ta, an yi firednisolon an yi azatiyofirin abin bai tsaya ba. Yanzu likita ya ce sai wata allura da ake sawa ta ƙarin ruwa wai Remicade, mun sayar da abinda muka sayar mun haɗa kuɗin sai kuma aka ce sai an yi hoton ƙirji da gwajin tarin fuka tukuna. Yarinyar nan bata tari ko kaɗan kuma an yi mata lamba tun tana jaririya ga tabon nan a damtsenta. Ni dai gani nake ja mana rai ake ana ƙara mana kashe kuɗi.
Daga wani uba a Kaduna

AMSA: Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya mayar maka da alheri, wanda ya ga 'yarsa tana zubewa kullum dole ya ƙagu. Amma wallahi likitan nan gata ya yi maka, da ni ce ma bazan taɓa saka mata allurar nan ba sai na ga sakamakon gwajin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya ƙwayar tarin fuka ta taɓa shiga jikinsu, yawancinsu basa tari basa komai, saboda jiki ya zagaye ƙwayar da shinge ya tsare ta tana barci a ciki, tana iya shekara ashirin talatin a haka. Akwai wani sinadari da garkuwar jiki ke fitarwa, shi ne yake riƙe da wannan shingen, kuma shi ɗin dai ne yake rura wutar kumburi a hanjin mai Crohn. To Remicade, sunan maganin infiliksimab, da ɗan uwansa Humira, aikinsu kenan su toshe wannan sinadarin. Hanji ya huta, yarinya ta fara cin abinci ta ci gaba da girma, amma shingen can ya yi rauni, kuma ka san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. An amince da Remicade a Amurka a 1998, na yara masu Crohn kuma a 2006. A 2001 aka fitar da rahoton mutum 70 da tarin fuka ya tashi musu bayan sun karɓe shi, 48 a cikinsu basu wuce ƙarin ruwa uku ba, 40 kuma cutar bata tsaya a huhu ba ta fita wasu sassan jiki. Abinda nake so ka riƙe, 64 daga cikin 70 ɗin nan a ƙasashen da tarin fuka bashi da yawa suke. To ina ga mu nan Najeriya da muke sahun gaba a Afirka wajen yawan masu shi?

Lambar da aka yi mata tana jaririya, wato rigakafin tarin fuka, tana da amfani, tana kare ƙananan yara daga mummunan nau'in, irin wanda ke hawa ƙwaƙwalwa ko ya bazu a jini, amma bata hana ƙwayar shiga ta kwanta. Gwajin fata da za a yi allura ce 'yar ƙarama a hannu, a dawo bayan kwana biyu zuwa uku a auna kumburin. Sai dai firednisolon da azatiyofirin ɗin da take sha suna iya sa gwajin ya nuna babu alhali akwai, shi yasa ake haɗawa da hoton ƙirji, wani lokacin da gwajin jini na QuantiFERON, sannan a yi muku tambayoyi. Nan ne naka aikin, ka zauna ka tuna da kyau, akwai wanda ya taɓa doguwar jinyar tari a gidan, kaka ko mai aiki ko ɗan ɗakinsu a makarantar kwana? Kar a ji kunyar faɗa. In an samu ƙwayar tana barci ba wai an fasa allurar bane, za a ɗora ta a kan maganin kariya, aisoniyazid wata shida ko a haɗa shi da rifamfisin wata uku, yawanci in ta yi 'yan makonni tana sha sai a fara Remicade ɗin. Sauri ya haifi nawa, Malam.

Akwai kuma wani dalilin da ya shafe mu sosai. Tarin fuka yana kama hanji ma, kuma daidai inda Crohn ya fi so yake zama, mahaɗar ƙaramin hanji da babba ta gefen dama na mara, ciwon ciki da rama da gudawa da zazzaɓi duk iri ɗaya, ko a kyamara suna rikita ƙwararru. Kama da wane bata wane. A Indiya da suke da cututtukan biyu da yawa, in likitoci suka kasa rabewa sukan fara ba da maganin tarin fuka na wata biyu zuwa uku su sake leƙawa su gani, don ba mai tarin fukan hanji maganin danne garkuwa babban haɗari ne. Ina kyautata zaton an riga an duba wannan a naman da aka gutsuro lokacin kyamara, amma ba laifi ka tambaya cikin girmamawa. Bayan an fara allurar kuma ku ci gaba da sa ido, gwajin yau baya nufin bazata ɗauka gobe ba, zazzaɓin yamma, gumin dare, ramar da ta dawo, kaluluwa a wuya, ko da ba tari a koma asibiti.

TAMBAYA: Anti Likita ina wuni. Ni ɗan shekara 16 ne ina da Crohn, da ina buga ƙwallo cikakken lokaci yanzu minti goma sai haki kamar zan faɗi zuciyata na bugawa, bana tari. Huhuna ne ya taɓu? Kuma abokaina sunce shisha ba kamar sigari bace wai hayaƙin ta ruwa yake bi.
Daga wani matashi a Gusau

AMSA: Lafiya lau ɗana, na ji daɗi da ka rubuto da kanka. Haki da bugun zuciya ba tari, a mai Crohn, abinda na fi zato ƙarancin jini ne ba huhu ba. Hanjin da ya kumbura yana zubar da jini kaɗan kaɗan ko baka gani, kuma baya tsotse sinadarin ƙarfe yadda ya kamata, jini kuwa shi ke ɗaukar iskar da huhu ya shaƙo ya kai wa tsoka. Ka ja fatar idonka ta ƙasa ka duba a madubi, in ta yi fari fat to ga alama nan. A auna maka jini wannan satin, in ya yi ƙasa akwai maganin sinadarin ƙarfe na sha, in na sha yana ɓata maka ciki ko baya aiki akwai na jijiya. Sau da yawa ƙarancin jinin ma alama ce ciwon ya fara motsi a ɓoye, don haka likitanka ya sani. In jinin ya cika hakin bai tafi ba sai a duba ƙirji da zuciya. Ƙwallo kam kar ka daina, ka yi daidai ƙarfinka, ƙashinka ma na buƙatarta.

Abu ɗaya da ba a jira da shi, masu ciwon nan jininsu ya fi saurin daskarewa a jijiya, musamman lokacin da ciwon ya tashi ko ana kwance a asibiti. In ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya da suka a ƙirji, wannan na gaggawa ne ko ƙarfe nawa ne.

Shisha kuwa abokanka basu faɗa maka daidai ba, ruwan sanyaya hayaƙin kawai yake baya tace gubar, ga hayaƙin gawayin a kai. Kuma a duk abubuwan da aka tabbatar suna tsananta Crohn taba na gaba gaba, masu sha ciwonsu ya fi yawan tashi kuma sun fi kaiwa ga tiyata. Ko zaman ɗakin da ake busawa ka rage.

TAMBAYA: Likita 'yar ƙanwata ce nake riƙo, shekararta 6, tana shan firednisolon da metotireksat saboda ciwon hanjin nan. Ƙyanda ta shigo unguwarmu ga masu rigakafi suna zagaye, in bari a yi mata? Ga hunturu ya shigo tana ɗan tari.
Daga wata baiwar Allah a Maraɗi

AMSA: Allah ya saka miki da zumunci 'yar uwa. Rigakafi iri biyu ne, akwai wanda ƙwayar cikinsa rayayya ce aka raunana ta, kamar na ƙyanda da na shawara da lamba da ɗigon shan inna na baki, waɗannan ba a yi wa yaron da ake danne garkuwarsa sai likitansa ya ce, kuma magungunan nan biyu da take sha danne garkuwa suke yi. Sauran kamar na nimoniya da sanƙarau da ciwon hanta da na shan inna na allura ba matsala, ita ma ta fi kowa buƙatarsu. Ki nuna wa ma'aikatan katinta da magungunan, ki bari a yi wa sauran yaran gidan na ƙyanda, su ne katangarta, ɗigon baki kuma ki tambayi likitanta yadda za a yi da na gidan. In ta yi wasa da mai ƙyanda ko ƙarambau kar ki jira ƙuraje su fito, ki kai ta ranar, don a irinta cututtukan nan suna saurin sauka huhu.

Hunturu kuma ki rage mata hayaƙi, turaren wuta da maganin sauro na kunnawa da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, janareta ya yi nesa da taga, ranar da hazo ya yi yawa ta sa takunkumi in zata makaranta. Firednisolon yana ɓoye zazzaɓi, don haka in kin ga ta yi laushi ko tana numfashi da sauri kar ki ce ai jikin ba zafi, kuma ba a tsayar da shi rana ɗaya, a hankali ake ragewa. Metotireksat sau ɗaya ake sha a sati ba kullum ba, shi ma a ɗaiɗaikun mutane yana kumbura huhu, in tarin busasshe ne ya haɗu da haki ko zazzaɓi to likita ya ganta kafin ranar shan na gaba. Sannan dan Allah duk wanda ya miƙo miki Septrin don tarin nan kar ki ba ta, haɗuwarsa da metotireksat tana iya durƙusar da ɓargon da ke yin jini. Ki rubuta sunayen magungunanta a takarda ki saka a jakarki, duk inda za a ba ta wani magani ki fara miƙa takardar.